Tsagar da likita ta bar mini

Ina kwance a wani asibitin fata a unguwar Bantama, an rufe mini ido, na ce wa likita ta bi fuskar nan da na'urar leza ta share komai. Shekara ashirin ina sayar da albasa cikin rana a kasuwar Kejetia, fuska ta yi dabbare-dabbare, ga tabon ƙuraje. Na ce har tsagar gadon da ke kumatuna ta haɗa, na gaji da masu saye suna ce mini baƙo.

Sai ta ajiye na'urar. Wai goge tabon rana aikinta ne, amma tsaga sai na je gida na yi shawara. Na ji haushi, na ƙyale ta ta goge sauran.

Sati biyu ina ɓoye a ɗaki, fata tana saɓa. Da na warke na je gaida Mma, mahaifiyata, wadda idonta ya tafi tun bara. Don tsokana na durƙusa gabanta na yi shiru.

Ta shafa goshina ta ce, "Wace amarya ce wannan aka kawo mini?"

Yatsanta ya sauko kumatu, ya tsaya cak.

"Kai, Issaka! Ɗan nema! Ga hannun kakanka nan. Me ka shafa haka?"

Dariya na yi, amma hawaye ya riga ta fita.

Likita, Allah Ya saka miki da alheri. Jama'ar Zongo, da ku ne kwance a gadon nan, za ku ce a goge?