Ranar da Aka Kashe Mini Murya

A makarantarmu ta bayan Likoro ni kaɗai ke koyar da kimiyya, ni kaɗai kuma ke shiga aji da waya a hannu. Sauran malamai "Injiniya" suke ce mini, ba don yabo ba. In na zauna a ofis ina duba bidiyon yadda jini ke zaga jiki, sai su ja benci su koma gindin darbejiya su bar ni. Abin yana ci mini rai, wallahi.

Matsalata ɗaya ce: aji cike, waya ɗaya. Na gaba su gani, na baya su hau tebur, a yi ta ture-ture har a buga ƙararrawa. Hedimasta ya ce in ban samo dabara kafin ƙarshen zango ba, waya ta daina shiga aji.

Ana haka aka sanar da wata bitar malamai ta intanet, ranar Asabar da hantsi. Sabis ba ya zama a wajenmu, don haka na hau mashin zuwa wani tudu a hanyar Hunkuyi, na zauna bakin gonar masara. Fuskoki suka cika wayar, kowa a ɗan akwatinsa. Mai jagorancin bitar, wata mata mai tabarau, ta yi ta nuna shafukan da ake samun darussa kyauta. Ni dai tambayata na bakina, ina jira.

Da ta ce saura mutum ɗaya a rufe tambayoyi, na danna alamar ɗaga hannu, ta ba ni dama.

To, a cikin akwatunan nan akwai dattawa, har da mai furfura sa'an mahaifina. Haba, ta yaya zan faɗa musu da tambaya kamar an jefo ni? Na yi sallama. Na ce ina kwananku, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa. Sannan na kawo bayanina tiryan-tiryan, na faɗi cunkoson ajin, na faɗi gargaɗin hedimasta.

Da na lura, sai na ga suna ɗaga wa juna hannu, bankwana suke yi. A ƙasa ga alamar makirfona da jan layi a kai. Ashe tun a "ina gajiya" matar ta kashe mini murya, ta ɗauka ɓata lokaci ne. Akwatunan suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, har fuskata kaɗai ta rage.

Kunya ta rufe ni, haushi ya biyo baya. Ina zaune na ji motsi a bayana. Wani tsohon makiyayi ne da shanunsa, ashe tun ɗazu yake tsaye yana jira in kai aya.

"Lafiya lau, malam," ya ce. "Iyali duk lafiya. Zancen yaran nan ne dai ban san amsarsa ba."