Wadda Aka Yi wa Addu'a

Aikina a shekarun nan bai wuce zama gaban baƙin allo ba. Ina da wata tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, a ɗan shagona da ke kallon tashar manyan motoci ta Gaya, kuma umarni nake rubuta mata layi-layi, ita kuma ta amsa mini da fararen haruffa. Da haka na haɗa wa ƙungiyar direbobin kamiyo, wato manyan motocin kaya, wata 'yar aplikasiyo ta waya mai tsara layin fita zuwa gadar shiga Benin. Kafin ita kullum sai an yi faɗa, wannan ya ce ya riga wancan shigowa, wancan ya ce sarkin tasha na fifita 'yan garinsu. Da ta zo, direba na shigowa sai ya latsa wayarsa, sunansa ya hau layi, sarkin tasha ya karanta daga tasa wayar wanda zai tashi.

Ranar da aka fara aiki da ita an yi taro. Alhaji, wato sarkin tashar, ya kira malami, aka shimfiɗa tabarmi, aka ɗora wayarsa a faranti tare da goro, aka yi addu'a aka shafa. Daga nan ya riƙa tura wa direbobi ita daga wayarsa zuwa tasu, kowa na miƙa hannu biyu. Ina gefe ina ta washe baki kamar gonar auduga. A wurina abin da aka raba ran nan fitowa ta farko ce kawai, mai lamba ɗaya, kuma duk mai wannan sana'a ya san ta farko ba ta rasa aibi.

Yadda ake yi shi ne, in ka ga kuskure ka gyara, ka ajiye gyaran da ɗan bayani, ka manna masa sabuwar lamba, sannan da umarni guda ka tura shi ma'ajiyar da ke intanet, inda kowa zai iya saukewa. Ina son wannan umarni na ƙarshe fiye da shayin safe. Nakan jira rezo, wato sabis ɗin waya, ya daidaita, in latsa, in zauna ina kallon haruffa na gudu har allon ya ce an gama. Na fitar da ta biyu, na fitar da ta uku, kowacce da lambarta da bayaninta tsaf. Sai daga baya na gane harara nake yi a duhu. Babu direban da ya sauke ko ɗaya. Sabon direba in ya zo, wurin Alhaji yake zuwa a zuba masa ta farko, wadda suke kira mai addu'a.

Da ƙananan kurakurai ne, da na bar su da kayansu. Amma akwai guda mai cizo, kuma a kan kawuna ya faɗa. Ƙanen mahaifiyata ne, mutumin Tanda, ya tsufa a kan sitiyari yana ja wa wani ɗan kasuwa albasa zuwa kudu. Motar da yake ja ta girme ni, batirinta ya daɗe da mutuwa, don haka ba ya ajiye ta sai a gangaren da ke ƙarshen tasha wajen kogi, inda zai sake ta ta gangara ta tashi ba sai ya roƙi masu turi ba. A daidai wurin kuwa waya kan saki rezonmu ta kama na Benin. Ita ta farko, in suna ya zo mata ta rezon waje, sai ta ɗauka mutum bai iso tasha ba tukuna, ta jefa shi ƙarshen layi. Tafiya biyu Kawu na ganin waɗanda suka same shi suna tashi su bar shi, yana cewa rabo ne.

Na gano abin, na gyara, na fitar da ta huɗu. Na zuba wa Kawu ita da hannuna, yana ta gunaguni. Amma layin daga wayar Alhaji ake karanta shi, gyaran kuwa can ya fi buƙatar shiga. Na sami Alhaji bayan la'asar a rumfarsa, na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani dalla-dalla.

Ya saurare ni har ƙarshe, don Alhaji ba mai katse magana ba ne. Sannan ya ce, "Ɗana, kana nuhin abin da munka tara mutane anka yi ma addu'a, shi ne ke da cuta?"

Na ce, "Alhaji, ba addu'ar ba ce. Aikin hannuna ne, ni na san inda ya gurgunce."

Ya ce, "In na canza ta yau, gobe duk wanda layi bai yi ma daɗi ba zai ce kai da kawunka kunka shirya. Wagga kowa ya ga ranar da anka kawo ta. Taka sabuwa wa ya gani?"

Na ce to a sake taro, ni zan sayi goron. Ya yi murmushi ya ce ba a yi wa yaro suna sau biyu. Na roƙe shi ko da baki ya sa Kawu a gurbinsa, ya ce ranar da ya taɓa layin da hannunsa, ranar za a koma gidan jiya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ƙarya ya yi ba. Na san direbobin nan, kuma na san da me suke riƙe da zaman lafiyarsu.

Na koma wa Kawu na ce ya bar gangaren ya ajiye mota a tsakiyar tasha. Ya ce shi da furfurarsa ba zai riƙa bin 'ya'yan cikinsa yana roƙon turi ba. Na ce to ya tako da ƙafa zuwa bakin ƙofa kafin ya latsa wayar. Ya yi haka sau ɗaya, tafiya ta gaba ya iso a gajiye ya manta.

Lokacin zafi ne, albasa kuma sabuwar cira. Motar ta yi kwanaki a gangaren, tun ana jin warin daga kusa har ya fara shigo mini shago. Duk wanda ya wuce sai ya toshe hanci. Ni kuwa ina zaune, gyaran na nan a ma'ajiya da lambarsa, ba abin da ya rage masa sai yatsan mutum ɗaya. Ban taɓa jin na tsani sana'ata kamar a kwanakin nan ba. Da layi ya zo kan Kawu, ruwa ke ɗiga daga ƙasan buhuna. Mai motar ya zo da kansa ya karɓi makullinsa a gaban jama'a.

Magana ta zaga tasha cewa Kawu ya saki mai addu'a ya kama wata, ga abin da ya same shi. Duk direbobin Gaya shi kaɗai ke da sabuwar, kuma shi kaɗai ya yi asara, to wa zan tsaya in yi wa gardama?

Bayan wani lokaci Kawu ya shigo shagona da hantsi, ya rame, ya zauna a benci bai cire hula ba. Ya ajiye wayarsa a kan teburina.

Ya ce, "Ka mayar min da ta da."

Na ce, "Kawu, ita ce fa ta jefa ka baya."

Ya ce, "Na ji. Amma masu mota ukku na je ma neman aiki, kowa sai ya ce in nuna mishi wayata. Wurin Alhaji kuma kunya ba ta bari na in tahi."

Babu abin da ke ɓata a wannan aiki, kowace fitowa na nan a ajiye da lambarta. Na juya ga allon na rubuta umarnin da ke komar da komai lamba ɗaya, na haɗa ta, na zuba masa. Ya duba ya ga tsohuwar fuskar da ya sani, ya sa wayar a aljihu.

Ya ce, "Allah shi yi maka albarka." Ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙara da cewa in wani ya tambaya, in ce daga wayar Alhaji ta fito.