Sahur ɗin Ɗan'azumi

Duk Maruta an san Ɗan'azumi, manomin da tun balagarsa bai taɓa shan azumi ba, kuma abin tinƙahonsa ke nan. Bara, ana gobe azumi, sansa na huɗa ya take masa ƙafa, likita ya rubuta masa tramol, safe da rana da dare. Don kada ya karya azumi, sai ya haɗa ƙwayoyin ya haɗiye da sahur. Da hantsi matarsa Kulu ta yi ta tashinsa bai motsa ba, numfashi da ƙyar yake fita. A asibiti ya farfaɗo.

"Likita, azumina fa?"

"Baba, Allah ya yarje wa marar lafiya ya rama. Gawa ce ba ta ramuwa."

Bayan salla ya rama, kuma har yau da wannan ramuwar yake tinƙaho.