Filin Balbela

A manyan birane aka rubuta tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, amma hukuncinsa na ƙarshe a Tambuwal aka yanke shi, a bakin murhun kakata Inna Kulu, tana gasa mana gyaɗa bayan magariba.

Ran da labarin kura da zomo ya gundure ta, sai ta ɗauko na Balbela. Wani Bature ne matuƙin jirgin soja, fari fat, mai dogayen ƙafafu. Mutanen Kebbe, garin su Inna, su suka raɗa masa sunan. Gab da yaƙi ya iso bisa doki, ya shimfiɗa taswira, ya dangwala yatsa ya ce nan za a share filin saukar jirgi. "Nan" ɗin gonar kakanmu ce, gero ya fid da kai, saura makonni kaɗan a girbe. Kakanmu ya tuɓe takalma, ya durƙusa, ya roƙi a jira girbi. Tafinta ya ce Bature bai ga dalilin jiran ciyawa ba.

"Ciyawa fa, angona!" in ji Inna, tana zungurina da muciya. "Da hannunmu munka sare ta, ɗan doka na tsaye. Shekarar nan dusa munka ci, har akuya na hararar mu."

Da yaƙi ya ɓarke sai Balbela ya samu girma, ya zama jagoran jiragen da ke zuba bom a garuruwan Jamus. Wata rana aka harbo shi. Sanƙira ya zaga kasuwa yana shelar a yi juyayi.

"Kin yi kuka, Inna?"

"Uwatai ni ji ma tausai. Shi ko, wanda bai gane gero ba shina tsaye tsakiyar gona, mi zai gane daga sama?"

Bayan na zama malamin makaranta na ci karo da hoton Balbela a wani littafi: ƙirji cike da lambobin yabo, ana kiransa jarumi mai kaifin ido. Marubucin bai san Kebbe ba, balle a tuhume shi. Ni dai tun daga nan, duk sa'ad da na ɗora yatsa kan taswira a gaban ɗalibai, nakan tuna akwai tuwon wani a ƙarƙashinsa.

Jirgi bai taɓa sauka a filin ba.