Tsaga Tara a Ƙirjina

Abubuwa da yawa sun faru da ni waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Wannan kuwa ko na so in manta ba zai yiwu ba, don kullum na cire riga zan yi wanka sai na gan shi. Tabo tara ne ƙanana a ƙirjina, uku-uku a jere.

A shekarar da abin ya faru, ruwa ya ɗauke da wuri a yankinmu, can wajen Tsanyawa. Gero ya fid da kai amma bai yi ido ba, gyaɗa kuwa sai harawa muka kwasa. Dama gonarmu ba wata gona ba ce. A wajenmu gonaki manne suke da juna, kana tsakiyar taka za ka gaisa da maƙwabci ba sai ka ɗaga murya ba. Mu maza huɗu ne a gidanmu, kowa yana jiran a yanka masa wannan ɗan filin. Ni kuma na gama sakandare shekara uku ke nan ina zaune, ba aiki ba dalili. Shi ya sa da aka fara ɗaukar sojoji na shiga, aka tantance mu a Kano, sunana ya fito. Aka ce nan da mako shida mu hallara a Zariya a fara horo.

Baba mutum ne marar yawan magana, amma ranar sai da kowa ya ji labarin daga bakinsa a ƙofar masallaci. Inna kuwa tana tankaɗe na gaya mata, ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce Allah ya sa alheri ne, ta ci gaba da aikinta. Lokacin yaƙi ya yi zafi a gabas, kullum rediyo sai ta faɗi abin da ba a son ji. A ƙauyen da ke gaba da mu an aiko wa wasu mutane da jakar ɗansu, jakar kawai. Inna ta je ta'aziyya, ta dawo ba ta ci tuwo ba. Na gani, amma kaina yana wajen kaki da takalmi, ban tsaya na yi tunani a kai ba.

Wanda ya ɗauki nauyin shirya ni shi ne Kawu, yayan Inna, tsohon soja ne mai ɗingishi, gari duk Saje suke ce masa. Da an sallame sallar asuba zai kafa ni a bakin burtali, ya ɗaura mini buhun yashi a baya, in yi gudu har rijiyar ƙauyen gaba in dawo. In na dawo ina haki sai ya ce wannan ba gudu ba ne, bin akuya ne, ya sa ni tsallen kwaɗo har sai cinyoyina sun daina jin maganata. Tsofaffin mata a bakin rijiya suka sa ni gaba, kullum sai sun tambaye ni wa ya biyo soja. Bazara ce, ga zafi ga ƙarancin abinci, wani lokacin kunun tsamiya kaɗai ne a cikina, amma ban taɓa fashi ba. A raina wannan tafiyar ita ce kaɗai ƙofar da ta rage wa gidanmu.

Wata rana da yamma Kawu ya shigo tsakar gida, ya zaunar da ni, ya ce in buɗe kunnena.

"Ranar da kuka isa za a sake tuɓe ku a duba. Ko ƙurji ne ya fashe a jikinka, likita zai ce ka koma gida, don masu jiran gurbinka sun cika fili. In ba aski ba, kar ka yarda aska ta taɓa ka."

Inna tana gefe tana tsince wake. Ta ce, "Yaya, ko ɗan ƙaramin ciwo ne?"

Ya ce mata ko ɗan ƙarami ne. Ni har daɗi na ji, na ɗauka ta fara damuwa da tafiyar tawa.

Ana saura kwana biyar, ranar Baba ya tafi kasuwar Ɗanbatta, Inna ta kira ni bayan azahar. Na tarar da wanzamin garinmu a zaure ya buɗe zabirarsa. A wajenmu tun kaka da kakanni, wanda zai shiga inda ƙarfe yake, mafarauci ne ko ɗan tauri, akan yi masa tsaga a shafa magani a ciki don kada ƙarfe ya ci shi. Na ja da baya na tuna mata maganar Kawu. Ta ce wanzami ya tabbatar mata kwana uku ya warke. Sannan ta dube ni ta ce in na tafi haka jikina a buɗe, ita da barci sun rabu ke nan. Zan iya cewa don biyayya na yarda, amma ba duka gaskiyar ke nan ba. Ni ma tsoron harsashin nake ji, kawai ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Wanzamin ya yi bisimilla ya tsaga, uku, uku, uku, ya goga wani baƙin gari mai raɗaɗi kamar barkono. Ya ce kada ruwa ya taɓa wurin, kuma kada in gaya wa kowa, in ba haka ba maganin ya karye. Saboda haka na ɓoye wa Kawu. Washegari na ɗauki buhuna na shiga burtali kamar kullum, igiyar buhun tana gogar ƙirjina, gumi yana shiga ciwon. Kwana uku suka cika, maimakon ya kame sai ya kumbura ya fara ruwa. Na liƙa auduga, na sa singileti biyu, na yi ta gaya wa kaina kafin Zariya zai bushe.

Ranar tafiya Baba ya dafa kaina ya yi addu'a mai tsawo. Inna ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli da dakuwa a leda. Na yi zaton za ta yi kuka, ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi, "Sai ka dawo."

A Zariya aka jera mu a rana aka ce kowa ya tuɓe riga. Da na zo cire singileti audugar ta manne da ciwon, na fizge ta, jini da mugunya suka biyo. Likitan ya tsaya a gabana, ya danna gefen wurin da yatsa, ya tambaye ni wa ya yi mini wannan. Na shiga roƙonsa, na ce mako guda ya warke, na ce masa mako shida ina gudu da yashi a baya. Bai yi mini tsawa ba, da ma tsawar ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Ɗana, horon nan mai lafiya ma kuka yake yi. Je ka gida ka yi magani."

Wani kofur ya ja ni gefe, aka kira suna daga cikin masu jira. Ina kallo wani saurayi ya taso a guje yana gyara wando, ya tsaya daidai inda na tashi.

Ta bayan gari na shigo ƙauyenmu, ta cikin gonaki, don kada matan bakin rijiya su gan ni. Baba yana zaune a ƙofar gida kan buzunsa. Ya dubi jakata, ya dube ni, sannan ya ce sannu da hanya. Daga ranar ya daina zama a waje. Kawu kuwa da ya zo, ya ɗaga rigata ya duba. Ƙanwarsa ya juya ya zuba wa ido, ita kuma ta sunkuyar da kai. Ya fita da ɗingishinsa, bai sake taka gidanmu ba sai ranar jana'izar Baba. Na ɗauka da ni yake fushi.

Na sake nema sau biyu sunana bai fito ba, har shekaruna suka wuce. Na gangara Kano na shiga dako a kasuwa, buhun da na koyi ɗauka don soja shi na ci gaba da ɗauka don tuwo. Duk tsawon lokacin nan wanzami nake zagi a raina, da kaina. Inna kuwa tausayinta nake ji, ina cewa rashin sani ne.

Bayan shekaru ta kwanta ciwo, na dawo gida jinya. Wata rana da rana tsaka muna inuwar rumbu, na cire riga saboda zafi ina yi mata fifita. Ta miƙo hannu ta shafa tabon nan ɗaya bayan ɗaya.

"Na sani," in ji ta. "Na ji abin da Yaya ya faɗa sarai. Wanzamin ma cewa ya yi kwana biyar ba za su isa ba. Ni na ce ya yi, kuma ya zurfafa."

Maficin ya tsaya a hannuna. Na tuna Baba a kan buzunsa, na tuna saurayin nan da ya tsaya a gurbina.

"Gara in gan ka da buhu a ka, da a kawo mini jakarka. Ka yafe mini."

Na ce na yafe, don ba a barin uwa da wannan roƙon a baki. Amma bakina ne ya faɗa, zuciyata sai da ta ɗauki shekaru kafin ta bi shi, kuma kafin nan Inna ta riga ta rasu. Har yau ban san ko raina ta ceta ko rayuwata ta tauye ba, kuma na daina neman sani.

Abin da na koya dai shi ne, mai shirin tafiya ba jikinsa kaɗai zai shirya ba, har da waɗanda zai bari a gida. Mako shida na yi ina horar da ƙafafuna da bayana, kullum ina wuce Inna a tsakar gida ina haki, amma ko sau ɗaya ban zauna kusa da ita na tambaye ta abin da take tsoro ba.