Farar Ƙasar da Ta Kusa Zubar Min da Mutunci

Ko da komai na ƙuruciyata zai ɓace min, shekarar da cin ƙasa ya kusa zubar min da mutunci ba za ta taɓa fita daga raina ba. Yanzu in ina ba da labarin dariya nake yi, amma a lokacin babu abin dariya ko kaɗan.

Ina aji huɗu na sakandare, a ƙauyenmu da ke gabas da Gezawa, inda gona ke jingine da gona, ko tari ka yi a gidanku sai maƙwabta sun yi maka sannu. Tun farkon damina na ji jikina ba daidai ba. Ni da nake daka ina waƙa, sai ga shi da na ɗaga taɓarya kaɗan zuciyata ta hau bugawa, idona ya yi duhu. A aji barci, a gida barci. Na yi fari fat, har ƙawayena suna tsokanata wai na fara shafe-shafe. Sai kuma wani baƙon kwaɗayi ya kama ni, kwaɗayin ƙasa. In aka yi ruwa ƙamshin jiƙaƙƙiyar katanga ya bugi hancina, sai yawuna ya tsinke. Na riƙa zagayawa bayan rumbu ina ɓantara, Baba yana ta faɗa da awaki, yana zaton su ne. Daga baya na koma sayen farar ƙasa ranar kasuwa ina ɓoyewa a jakar makaranta.

Gwaggo, yayar Babana, ita ta kama ni. Mace ce mai ido, kuma magana ba ta kwana a cikinta. Ta same ni bayan rumbu baki duk ƙasa, ta dube ni sama da ƙasa, ta wuce ɗakin Inna. Ina jiyo ta ta taga.

"Ke wace irin uwa ce? Yarinya ta yi fari, ga jiri, ga kasala, ga cin farar ƙasa. Wa kika taɓa gani da cin farar ƙasa in ba mai juna biyu ba?"

Inna salati kawai take yi. Kafin a ce me, maganar ta zaga gari. In na je famfo ɗiban ruwa sai mata su yi tsit, ina juya baya su ɗora. Baba bai dake ni ba, bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi na daina zuwa makaranta sai an san abin da ake ciki, kuma ya daina kallon fuskata in na gaishe shi. Wallahi da ya dake ni da ya fi min sauƙi.

Abin haushin, magana ɗaya ta isa ta wanke ni. Al'adata ba ta taɓa tsallake wata ba, zuba ma take kamar ba za ta tsaya ba, ta fi mako ina fama, ina wanke tsummokara a ɓoye. Amma ni 'yar fari ce. Tsakanina da Inna akwai kunya, ko sunana ba ta faɗa. Da wane baki zan tare ta da wannan zance, balle Baba? Sai na zaɓi kuka.

Gwaggo ce ta sa ni a gaba zuwa wani ƙaramin asibiti a bakin titi. Muka samu wata dattijuwar nas mai gilashi, kowa Sista yake ce mata. Gwaggo ta matsa kusa da ita, ta yi irin raɗar nan tata da ake ji har waje.

"Sista, fitsarinta za a duba mana. Kin dai gane."

"Na ji, Hajiya. Ɗan ba mu wuri tukuna."

Da ƙofa ta rufu, Sista ba ta hau ni da tambayar da nake tsoro ba. Ta ja fatar idona ƙasa ta leƙa, ta buɗe tafin hannuna, ta duba farcena da harshena, ta riƙe wuyan hannuna tana sauraron bugun jini. Ta tambaye ni me nake ci tun safe har dare. Na ce koko ko shayi, sai tuwo da miyar kuka, nama kuwa sai in an yi suna. Ita da kanta ta ce, "Kina cin ƙasa, ko?" Na gyaɗa kai. Sannan a hankali ta ce, "'Yata, yaushe rabonki da al'ada?"

"Yanzu ma ina ciki, Sista," na ce, sai kuka ya ƙwace min. Na zayyane mata komai. Ita ce mutum ta farko da na taɓa faɗa wa.

Ta sa aka gwada jinina. Da sakamako ya fito, sai da ta nemi yardata kafin ta kira Gwaggo.

"Hajiya, yarinyar nan ba ta da ciki. Jininta ne ya yi ƙasa, shi ya sa take cin ƙasa. Wanda take zubarwa duk wata ya fi wanda abincinta ke mayar mata. Masu cikin ma da kike gani, da yawansu ƙarancin jinin ne ke sa su ci."

Gwaggo ta sunkuyar da kai. Ni kuwa ji na yi kamar an sauke min buhun gero daga ka.

Sista ta tsara mana yadda za a yi. Ta ba ni maganin tsutsar ciki da ƙwayoyin ƙarin jini, ta ce in sha na watanni ko da na ji sauƙi, kada in haɗa da shayi, gara da lemo ko gwaiba. Ta ce bayan gida zai yi baƙi, kada a ce wani sabon ciwo ne. A yawaita wake da zogale da rama, a nemo hanta ko kifi in hali ya yi. In dawo bayan wata a sake gwaji, in zubar ba ta ragu ba ta haɗa ni da likita. Ta kuma ce lallai a kawo mata Inna, domin yarinya tana bukatar wadda za ta faɗa wa irin wannan a gida.

Gwaggo ba ta ce min in yi haƙuri ba, ba halinta ba ne. Amma da bakin da ta yaɗa maganar, da shi ta bi gida gida ta kwashe ta, kuma duk ranar kasuwa sai ga ta da ƙullin hanta. Da yammar ranar da muka dawo daga asibiti Baba ya kira ni. Ya daɗe yana kallona, idonsa ya kawo ruwa.

"Uwata, gobe ki shirya ki tafi makaranta."

Jikina ya dawo a hankali, kwaɗayin ya tafi ban san ranar da ya tafi ba. Abin da na koya shi ne, kunyar da za ta hana ka faɗin ciwonka ba tarbiyya ba ce, cuta ce ta biyu. Kuma in ka ga yarinya ta canza, ka tambaye ta me ke damunta kafin ka tambayi gari me ta yi.