Cokalin Baba Na Allah

Jama'a, ɗana Muniru ya taka. Jiya da hantsi ya saki gindin turmi ya nufo ni da ƙafafunsa, na yar da rariya na zauna ƙasa ina dariya ina hawaye. Na kira kowa na faɗa mashi har cajin salula ya ƙare. Mutum guda ya rage, shi kuma ba shi da salula. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko da ban yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba, wani ya karanta mashi.

Baba Na Allah mai shara ne a ɗakin yara masu tamowa, can gidan likita a Tasawa. Da an sallame asuba yana nan da tsintsiya da bokiti. Ya share, ya goge amai da zawo, ba ka ganin ya yamutsa fuska. In ya gama sai ya nufi kusurwa wajen akwatinsa na gilas, ya rage ruwa ya zuba sabo, ya gaida kifayensa ɗaya bayan ɗaya kamar maƙwabta. Madam Hadiza, ma'aikaciyar ɗakin, ta taɓa nuna mana a salula wasu kifayen teku masu ja da rawaya, waɗanda sai cikin ruwan gishiri suke rayuwa. Baba ya duba ya ce kyau kam suna da shi, amma nashi 'yan tabki sun fi su hali.

Hali kuwa akwai shi. Ga Alhaji, ƙaton karfasa, shi ke fara ci, in ya ƙoshi ma sai ya tsaya ya hana saura. Ga Amarya, kullum tana cikin fasasshen tulu, kai kawai take leƙowa. Magini shi kuma tsakuwa yake ɗauka da baki ya kai can, in ya gama kwashewa ya shiga maidowa. Sai ɗan tarwaɗa mai gashin baki, Kwamanda, da ke kwanciya kamar matacce, sai wata uwa ta matso ta ce wanga ai ya mutu, sannan ya wutsila ya watsa mata ruwa.

Ni dai ranar da muka zo daga Urafan, tsakiyar damina, ban ga abin dariya ba. Muniru fata da ƙashi. Ya ƙi nono, ya ƙi madarar likita, sai ta tiyo a hanci. Madam Hadiza ta ce mani in bai karɓi abinci da bakinsa ba, ba mu da ranar komawa gida. Ban tambaye ta sauran ba, ina ganin gadajen da ake wayar gari babu kowa.

Gadon kusa da namu na Zara'u ne, 'yar Kanan Bakashe, da ɗiyarta Nafisa. Tabarma guda muke kwana, ƙwarya guda muke shan fura. Daga baya aka maida Nafisa ɗakin ciki, na waɗanda jiki ya tsananta, wanda sai ta cikin namu ɗakin ake fita.

Wani lokaci, ba tare da an san dalili ba, sai ka ji Baba yana ƙwanƙwasa gilas da cokali yana cewa Alhaji ya ji yunwa, a kawo yara su gani. Mu sungumi namu mu taru a kusurwa, bayanmu ga ƙofa. Yana barbaɗa dusa kaɗan kaɗan, yana yi wa kowane kifi murya, Amarya da 'yar siririya, Kwamanda da faransancin da shi kansa bai sani ba. Har na ce mashi, Baba, mu muna ramewa kifayenka suna tumbi. Kowa ya yi dariya, ban da shi.

Ran nan cokali ya yi ƙara, na ɗauki Muniru na je. Alhaji ya taso daf da gilas yana buɗe baki yana rufewa. Muniru ya zuba mashi ido. Sai na ga leɓensa ya motsa, shi ma ya buɗe. Baba bai ko dube ni ba, ya ce a hankali, "Ɗiyata, madarar." Na ɗiga mashi. Ya haɗiye. Alhaji ya buɗe, Muniru ya buɗe, na sake ɗigawa. Na juya in ga wa zan aika ya faɗa wa Zara'u, sai na hango bayanta a bakin ƙofa, mijinta na gaba da abu naɗe cikin zane.

A nan na gane cokalin. Duk sa'ad da za a fita da gawa, Baba ke sa mu juya wa ƙofa baya, kada mu gani hankalinmu ya tashi, ɗan nonon da ya rage ya ƙafe. Tumbin nan da na yi wa ba'a, daga nan yake.

Bayan an sallame mu na kira Zara'u ina jin nauyi. Ta ce ta ji dariyar yara a bayanta ranar, kuma ba ta ji haushi ba. Ta tambaye ni ko Muniru ya ci. Na ce ya ci. Ta ce alhamdu lillahi.

Baba, kai ne ka ga fitar kowane yaro don kada mu mu gani. Kana yi mana muryar Amarya, idonka na ƙofa. Ban taɓa jin an kira sunanka wajen godiya ba, mai shara kawai ake cewa. Yanzu Madam Hadiza ta ce mani ƙarshen wata za ka ajiye tsintsiya, baya ya ƙi. Na gode, Baba. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da gidan aljanna. Muniru har yau sai ya buɗe baki kamar Alhaji kafin ya karɓi tuwo.

Ku da za ku gaje shi, don Allah kada ku ɗauki tsintsiya ku bar cokalin. Damina na tafe, wasu mata za su zo da nasu a goye. Ku riƙa canza wa kifayen nan ruwa, ku ba su na safe. Ni kuma addu'ata guda ce, bana Allah ya ramar da Alhaji.